MUDU BIYU A KASUWA ƊAYA

Jama'a, duk wanda ya san kasuwar hatsi ya san mai awon da ake tsine wa, watau mai mudu biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa. Ni a ganina hukumomin da ke yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni irin wannan awo suke yi, kuma zan kafa hujjata da abubuwan da suka auku a idon duniya.

Tun da farko bari in raba gari da waɗansu 'yan'uwana ɗalibai, waɗanda da zarar an kama ɗan wasanmu sai su ce ai ƙiyayya ce ake yi wa baƙar fata. Wannan magana ta rago ce. Blessing Okagbare ta yi gudun share fage na mita 100 a gasar Olimfik ta Tokiyo a 2021, kashegari aka dakatar da ita domin an sami sinadarin ƙara girman jiki a jininta. An hana ta wasa shekara 10, daga baya aka ƙara ɗaya. Mutumin da ya kai mata kayan, Eric Lira, ya amsa laifinsa da bakinsa a kotun Amurka. Babu wani makirci a nan, ta yi an kama ta. Sai dai a lura, shi mai sayar da gubar wata 3 aka ɗaure shi.

Dokar kanta ba ta da wuyar fahimta. Hukumar duniya mai wannan aiki, WADA, an kafa ta a 1999, kuma ginshiƙin dokarta shi ne ɗan wasa ke da alhakin duk abin da aka samu a fitsarinsa ko jininsa, ko ya sani ko bai sani ba. In abin mai ƙarfi ne, hukuncinsa shekara 4, sai fa in ya iya nuna cewa ba da gangan ba ne, ya kuma nuna ta inda abin ya shiga jikinsa. To, a wannan "sai fa" ɗin ne kuɗi ke shigowa. Nuna ta inda abu ya shiga jiki yana bukatar lauyoyi, da masana haɗa magunguna, da ɗakin bincike da zai gwada abincinka da man shafawarka har da gashin kanka, sa'an nan in ta kama a tafi kotun wasanni da ke Lozan a ƙasar Suwizalan. Ɗan gudun da ke rancen kuɗin mota zuwa filin motsa jiki ina zai samo wannan?

Ga misali daga wasan tanis. A watan Maris na 2024 sau biyu ana samun sinadarin kulostebol a jikin Jannik Sinner na Italiya, wanda ya zama na ɗaya a duniya a wannan shekara. Nan da nan lauyoyinsa suka kawo bayani, cewa mai yi masa tausa ne ya fesa wani magani a yatsansa da ya yanke, sa'an nan ya taɓa shi. Aka ɗage dakatarwar cikin 'yan kwanaki, duniya ba ta ma ji labari ba sai a Agusta. Ya ci babbar gasar Amurka, ya ci ta Ostireliya, ana cikin shari'a. Daga ƙarshe ya yi sulhu da WADA a kan wata 3, daga 9 ga Fabrairu zuwa 4 ga Mayu 2025, watau daidai tsakanin manyan gasa biyu, bai rasa ko ɗaya ba. Wataƙila gaskiya ya faɗa. Amma a wannan wasa dai akwai Tara Moore ta Ingila, wadda ba ta da suna irin nasa, wadda ta ce naman da ta ci a Kolambiya ne ya ja mata. Wata 19 ta yi a dakace kafin a wanke ta a ƙarshen 2023, sa'an nan aka ɗaukaka ƙara, a 2025 aka yanke mata shekara 4. Ashe saurin sauraro ma saye ake yi.

In ba kuɗin mutum ba, to ƙarfin ƙasarsa. A farkon 2021 an sami sinadarin tirimetazidin, maganin ciwon zuciya, a jikin 'yan ninƙaya 23 na ƙasar Sin. Hukumar ƙasarsu ta ce daga ɗakin girkin masaukinsu ya gurɓata abinci. Ba a dakatar da su ba, ba a sanar ba, WADA ba ta ɗaukaka ƙara ba, waɗansunsu suka je Tokiyo suka ci zinari. Sai a Afrilu 2024 'yan jarida suka tona. WADA ta ce annobar korona ta hana ta shiga ƙasar ta bincika, kuma mai binciken da ita kanta ta naɗa ya ce bai ga son kai ba. To, wannan magani dai shi aka samu a jikin Kamila Valieva ta Rasha, yarinya 'yar shekara 15, aka hana ta wasa shekara 4. Wane mai hankali zai yarda yarinya mai wannan shekaru ita ta nemo wa kanta maganin zuciya?

Amurka ce ta fi kowa ɗaga murya a kan maganar 'yan ninƙayan Sin, amma gwano ba ya jin warin jikinsa. Kowa ya san Ben Johnson na Kanada, wanda aka ƙwace wa zinarin mita 100 a Siyol a 1988 aka bai wa Carl Lewis. Sai a 2003 takardu suka fito suka nuna an sami haramtattun sinadarai uku a jikin Lewis a gasar tace 'yan wasan Amurka ta wannan shekara, hukumar ƙasarsa ta karɓi uzurinsa ta rufe maganar. Har ila yau a 2020 Amurka ta yi dokar da ta ba ta ikon gurfanar da masu hannu a wannan sana'a a gasannin ƙasa da ƙasa, alhali kuwa manyan gasanninta na gida, na ƙwallon kwando da sauransu, ba su shiga ƙarƙashin dokar WADA ba.

Yanzu mu dawo gida, inda abin ya fi ƙona mini rai. A 2020 hukumar da ke tsare mutuncin guje-guje da tsalle-tsalle ta sa Nijeriya cikin jerin ƙasashen da aka fi zargi, tare da irin su Kenya da Habasha da Maroko. Sharaɗin da ke kan irin waɗannan ƙasashe a bayyane yake: duk ɗan wasan da zai je babbar gasa sai an yi masa gwajin ba-zata sau 3 cikin wata 10 kafin gasar. Ɗan wasa ba ya kiran mai gwaji ya zo gidansa, in ya kira ai ba ba-zata ba ne. Aikin hukuma ne. A lokacin kuwa hukumar guje-guje ta Nijeriya ta rabu gida biyu ana rigimar kujera. Da aka isa Tokiyo aka fitar da sunayen 'yan wasa 20 da ba su cika sharaɗin ba, 10 daga ciki 'yan Nijeriya. Ba a sami komai a jikinsu ba, ba a ma zarge su da komai ba. Sun sha rana sun yi shiri, sun isa har masaukin 'yan wasa, aka ce su zauna su yi kallo, har suka fito da kwalaye suna zanga-zanga a ƙasar mutane. Wanda ya yi sakacin yana zaune cikin babbar riga. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan. A wannan gasa dai 'yan wasan Rasha, ƙasar da aka kama tana musanya kwalaben fitsari ta wani rami a bango a Sochi a 2014, sun yi wasa sun ci lambobi, tuta da take kawai aka canza musu.

Ɗaya daga cikin goman nan, Annette Echikunwoke mai jifan guduma, ta tattara kayanta ta koma wa Amurka inda aka haife ta, ta ciyo mata azurfa a Faris a 2024. Wa zai ga laifinta?

Ba na neman a sassauta wa mai shan ƙwaya. Abin da nake nema shi ne duk wanda aka samu da abu a sanar da shi a lokaci guda da kowa, ko ɗan wace ƙasa ne. A tanadi lauya da kuɗin bincike ga ɗan wasan da ba shi da hali. In kuwa hukuma ce ta yi sakaci, a hana jami'anta shiga jirgi, a bar yara su yi gudunsu.

Na san wani zai ce ai ramin ƙarya ƙurarre ne, ko ba daɗe ko ba jima akan mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa. To, a Sidni a 2000 'yan gudun ba-ni-in-ba-ka na Nijeriya, na mita 400 sau huɗu, sun zo na biyu a bayan Amurka. A 2008 Antonio Pettigrew na Amurka ya amsa cewa yana shan ƙwaya a lokacin. Sai a Yuli 2012 aka tabbatar wa Nijeriya da zinarin. Sunday Bada, wanda ya karɓi sanda na uku a wannan gudu, ya rasu a Disamba 2011.