Abin Da Ba Ya Cikin Rumbunka, Aro Ne



Maudu'in wannan makon shi ne wasannin kwamfuta da inda ake ajiye su. Wani zai ce ina ruwan marubuci da gem. A ɗan yi haƙuri, zancen zai iso ƙofar ɗakinmu.

Duk wanda ya san garuruwan masarautar Gumel, daga Gagarawa zuwa Maigatari da Sule Tankarkar, ya san wasu sana'o'i biyu na samari. Akwai mai gidan gem da talabijin biyu ko uku da ɗan janaretansa, yara na jiran layi su buga ƙwallo. Akwai kuma mai tura fina-finai da waƙoƙi, wanda ke cika wa mutane memori daga kwamfutarsa. Dukansu sun gane abu ɗaya: inda data ke da tsada, sabis kuma yana zuwa yana ɗaukewa, wanda ya ajiye abu a hannunsa shi ne mai shi.

Ra'ayina shi ne mu ƙara taki ɗaya, mu yi wa gida ko shago rumbun ajiya guda. Aikin ba shi da wuyar fahimta. Babban faifan ajiya ne ake haɗawa da rauta, ko a sa shi cikin tsohuwar kwamfutar da aka jingine. Duk na'urar da ke kan wannan rautar za ta iya ɗaukar abin da ke ciki, ko da babu intanet.

Masu PlayStation 2 ma suna da rabo. Manhajar Open PS2 Loader, wadda ake ɗora wasanni da ita daga filas, tana iya karanto su daga irin wannan rumbu ta wayar sadarwa. Ƙofar filas ta wannan na'ura tsohuwar ƙira ce, gudunta megabit 12 a daƙiƙa, ita kuwa ƙofar wayar sadarwa megabit 100 ce. Shi ya sa hoton wasa ke yawan sarƙewa daga filas. Mai injin uku ba sai ya sayi filas uku ba, rumbu ɗaya ya ishe su. Masu wasa a kwamfuta kuma, tun 2023 Steam ya ba da damar kwafo wasa daga wata kwamfutar gidan maimakon sake sauke shi.

Dalili na farko kuɗi ne. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari, ga shi wasu manyan wasannin yanzu sun haura gig 100. Sauke abu ɗaya sau uku a gida ɗaya ɓarna ce.

Dalili na biyu ya fi nauyi. Google ya rufe Stadia a Janairun 2023, dandalin da ake buga wasa kai tsaye daga na'urorin kamfanin. A Maris 2024 Ubisoft ya kashe wasan The Crew, waɗanda suka saya da kuɗinsu suka wayi gari ba ya buɗewa. Irin wannan wasan da aka ƙera shi sai da izinin kamfani, ko rumbu ba zai cece shi ba, don haka a san abin da ake saya. A nan gida kuma, a Satumbar 2021 an katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro. Duk wanda abinsa ke intanet kaɗai, a lokacin ba shi da komai.

Na san abin da za a ce: ina wutar? Gaskiya ne, a Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun fi mako guda cikin duhu. Sai dai rauta da faifai ɗaya ba su kai fanka cin wuta ba, ƙaramar sola da batir za su riƙe su. Zafin bazara da ƙurar hunturu suna kashe faifai, sai a nema masa wuri mai iska, nesa da ƙasa. Manyan wasannin zamani kuma sun fi gudu a cikin kwamfutar kanta, nasu rumbun na ajiya ne kawai. Sannan faifai ɗaya ba tabbas ba ne. Manomin Gagarawa ya san gara na shiga rumbu, shi ya sa yake ware iri daban.

To, ga inda zancen ya shafe mu. A ƙarshen Nuwamban 2023 aka rufe OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama ke sayar da littattafansu. A yau marubuta nawa ne a cikinmu labarinsu gaba ɗaya yana cikin WhatsApp ko Wattpad, ko a waya ɗaya tak? A sace wayar a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, aikin shekara biyu ya tafi. Rumbun da zai ɗauki wasa ɗaya mai gig 100 zai ɗauki rubutun duk 'yan wannan zauren, har da saura mai yawa.

Sai dai a kiyaye, rumbu ba lasisin sata ba ne. Mu da muke kuka idan aka yaɗa littafinmu ba da izini ba, bai dace mu cika faifai da gumin wasu ba. A zuba abin da aka saya, ko wanda masu shi suka bayar kyauta.

Aikin wannan makon ƙarami ne. Kowa ya kwafi rubutunsa zuwa wuri uku: ɗaya a na'urar da yake aiki da ita, ɗaya a faifai ko memori a gida, ɗaya a imel ko wajen ɗan uwa a wani gari. A yi shi kafin a fara babi na gaba.

Allah ya ƙara basira.