Sana'ar Cikin Gida: Haɗa Man Shafawa Mai Ƙamshi Daga Bes

 Hunturu ya ƙarato, kuma daga Zangon Kumasi zuwa Tamale, Garwa da Njamena, da iska ta fara kaɗawa kasuwar man shafawa ta buɗe ke nan: jiki ya yi fari fat, ƙafa ta fara faso. Shi ya sa yau za mu duba yadda uwargida za ta fara haɗa mai mai ƙamshi da ɗan jari, ta hanyar abin da 'yan kasuwa ke kira bes.

Bes farin mai ne marar ƙamshi wanda kamfani ya riga ya haɗa, ana sayar da shi kilo-kilo ko a bokiti a shagunan kayan sabulu da man shafawa. A cikinsa akwai ruwa da mai, da sinadarin da ke riƙe su kada su rabu, da maganin da ke hana shi lalacewa. Wato an gama miki babban aikin. Abin da ya rage miki shi ne awo da tsafta, kuma a nan ake cin riba, a nan jari ke nutsewa.

Tun a shago ki buɗe ido. Ki nemi takardar da ke jikin bokitin, ki ga ranar da aka yi shi da ranar da zai lalace, ki tambayi adadin turaren da yake ɗauka. In mai shago ya ce miki "wannan yana haska fata cikin sati guda", ajiye masa kayansa. Irin wannan kan zo da sinadarin hydroquinone ko maganin steroid, masu sirantar da fata su bar ta da tabo da nankarwa. Kodebuwa ta haramta mayukan bilicin a 2015, Ghana kuma ta hana hydroquinone a kayan kwalliya a 2016. Ke da kike baƙuwa a ƙasar mutane, ba kya son kayanki su zama dalilin zuwan hukuma ƙofar gidanki.

Sai turare. Ba duk mai ƙamshi ne ke shiga man shafawa ba. Wanda ake so shi ne turaren mai da aka yi don jiki, irin su almiski, sandal ko ud. Na fesawa akwai sifirit a ciki, yana iya tsinka man ya koma ruwa-ruwa. Humra ma ki bar ta a kwalbarta. Man ƙamshin da ake sayarwa don turaren wuta, kyandir ko sabulun goge ɗaki ba na fata ba ne, komai daɗinsa a hanci. Man kanumfari da na kirfa suna ƙona fata, wasu mayukan lemon tsami kuma sukan bar baƙin tabo in an shafa aka shiga rana. Mai ƙamshin banila yakan sauya farin mai zuwa ruwan ƙasa bayan 'yan makonni. Ba lalacewa ba ce, amma mai saye ba za ta yarda ba.

Awon kuwa kashi 1 ne cikin 100. Kilo 1 na bes, giram 10 na turare. Bokitin kilo 5, giram 50. In turaren mai ƙarfi ne, rabin haka ma ya isa. Kada ki auna da murfi ko da ido. Ki sayi ƙaramin sikeli irin na masu sayar da gwal. Na san za ki ce, "Ai mutanenmu sai ƙamshi ya tare hanya suke saye." Gaskiya ne, amma turare na cikin manyan abubuwan da ke jawo ƙaiƙayi da ƙuraje, kuma man shafawa wuni yake a jiki, ba kamar sabulu da ake ɗaurayewa ba. Ki nemi turare mai kyau mai kama jiki, ya fi ki tuttula mai araha.

Babban tarkon shi ne ƙara ruwa don ya yi auki. Maganin hana lalacewa an auna shi ne daidai da abin da ke cikin bokitin. Da kin ƙara ruwa, madara, zuma ko ruwan lemo, kin rage masa ƙarfi, kin kuma ba ƙwayoyin cuta abinci. Wani lokaci za ki ga fumfuna ko ki ji tsami; wani lokaci ba alamar komai sai a jikin wadda ta shafa. In kina son ƙara man kaɗanya ko na kwakwa, cokali ɗaya ko biyu a kilo ya wadatar. In ya yi yawa mai zai taso sama.

Ranar haɗi, ki ware roba da muciya na wannan aikin kaɗai, ba na kicin ba. Ki wanke su, su bushe ƙayau, ki goge da sifirit na kemis mai kashi 70, ki sa safar hannu, ki ɗaure kai. In bes ya yi kauri, ki ɗora robar cikin ruwan ɗumi, kada ki kai shi wuta. Ki zuba turaren ki juya a hankali har ya haɗe. Kwalba mai famfo ta fi mai faɗin baki, don ba a tsoma yatsa a ciki.

Kada ki fara da bokiti guda. Ɗebi giram 100, ki sa giram 1 na turare. Ki shafa kaɗan a cikin damtsenki, ki jira kwana biyu. Sauran ki ajiye sati biyu a ɗaki mai zafi ki gani: ya rabu? Launi ya sauya? Ƙamshin na nan? In kayan za su hau mota zuwa wani gari, wannan gwajin ne zai gaya miki ko za su jure rana a bayan tirela.

Lissafi kuma ki yi shi a rubuce. Kilo 5 kwalba 20 ne masu giram 250, amma ki ƙirga 19 saboda abin da ke maƙalewa a roba. Ki haɗa kuɗin bes, turare, kwalabe, takardar suna da kuɗin mota, ki raba. In da naira kika saro kina sayarwa da sidi ko sefa, ki yi lissafi da canjin ranar da za ki sake saro kaya. A kowace kwalba ki rubuta ranar haɗi da abin da ke ciki, ki kuma ware marar turare don jarirai da masu saurin ƙaiƙayi. In sana'a ta fara fita daga unguwa zuwa shaguna, sai a nemi rajista: FDA a Ghana, NAFDAC a Najeriya.

A zango labari ba ya kwana. In mace ɗaya ta ce manki ya feso mata ƙuraje, kafin a tashi daga gidan suna kowa ta ji. Haka ma in ta ji daɗinsa, ita za ta kawo miki ƙawayenta har gida.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba yadda ake gane man kaɗanya mai kyau a kasuwa. Allah Ya sa albarka a nema.