Ra'ayinmu: Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

Duk wanda ya san ƙasar Birnin Kudu da Gwaram a tsakanin watan Maris da Mayu ya san wuyar da ake sha a ajin bulo mai rufin kwano. Kafin azahar ɗaki ya zama tanda, yara na gyangyaɗi, malami na sharce gumi. Amma a daidai wannan sa'a, tsohon soron ƙasa a Sundimina yana nan da sanyinsa, ba fanka, ba lantarki.

Wannan kuwa ba tsafi ba ne. Bangon tubali mai kauri yakan sha zafin rana sannu a hankali, ba ya sakinsa cikin ɗaki sai dare ya yi, abin da ke zama alheri da hunturu. Haka kuma ginin da aka miƙe tsawonsa daga gabas zuwa yamma, tagoginsa na duban kudu da arewa a ƙarƙashin inuwa, ya tsira daga ranar hantsi da ta la'asar. Ai tun ran gini ran zane.

Abin takaici shi ne, ɗalibanmu na injiniya da zanen gine-gine sukan haddace wannan a allo, su ci jarrabawa, alhali ba su taɓa kwaɓa ƙasa ba. Da ƙasa da azara Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. A Masar ma, sai da Hassan Fathy ya nemi gwanintar maginan Nuba kafin ya gina ƙauyen Sabuwar Gurna a shekarun 1940.

Saboda haka muna kira ga hukumar jami'a da ta tura ɗalibai Sundimina lokacin hutu, su zama yaran magina. Su gina ɗakuna 2 masu girma ɗaya, guda na bulo da kwano, guda na tubali da azara, su auna zafinsu sa'a-sa'a har mako guda, su lissafa kuɗin kowanne.

Za a ce ginin ƙasa na bukatar yaɓe kafin kowace damina. Gaskiya ne, kuma nan ne aikin injiniya yake: ya nemo maganin zaizaya ba tare da ya kore sanyin ba. Waɗannan ɗalibai ne gobe za su zana azuzuwa da asibitocin Jigawa, kuma ƙannenmu ne za su zauna ciki. Gani ya kori ji. Allah ya sa a duba.