Yaba na kusa, kunyarmu ce ta nisanta ta

Jama'ar Agege, Mile 12, Idi-Araba da sauran unguwanninmu na Legas.

Akwai maganar da muka daɗe muna rufewa, yau sai mun buɗe ta. Iyayenmu sun baro Kano, Sakkwato, Maraɗi da Damagaram, suka zo ci-rani, zama ya kama su. 'Ya'yan da aka haifa a nan, a makaranta "aboki" ake kiransu, in sun je ganin dangi a ce 'yan Legas sun zo. Ga shi tun da aka hana acaba a ƙananan hukumomi shida a 2022, samari da yawa sun rasa abin yi. Wannan nauyin ba kowace zuciya ke iya ɗauka ba.

To in yaro ya daina barci, ya ƙaurace wa abinci, ya kulle kansa a ɗaki, ko yarinya ta riƙa kuka ba dalili, me muke cewa? Iska ce, ko sammu, ko kuma tsabar sangarta. In abin ya yi tsanani, sai a sa yaro a tirelar da ta sauke shanu, a tura shi gida "a gyara shi". Mun manta da Rigasa? A 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Kaduna, da yawansu yara, wasu da mari a ƙafa. Iyaye ne suka kai su da hannunsu.

Ba mu ce a bar addu'a ba. Mai ciwon suga yana addu'a, yana kuma shan maganinsa, ba wanda ya ce imaninsa ya ragu. Ciwon damuwa ma ciwo ne, kuma yana jin magani.

Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana nan Yaba, yana da sashen yara da matasa a Oshodi. Na Aro yana Abeokuta, inda tun 1954 Farfesa Lambo ya riƙa ajiye marasa lafiya a ƙauyukan kusa tare da danginsu, saboda ya ga sun fi samun sauƙi a cikin 'yan uwa. Mu kuwa korar namu muke yi. A 2023 an sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma kare mutuncin mai jinya.

Za a ce babu kuɗi. Amma in an kama babur, kafin la'asar mun haɗa kuɗin karɓo shi. Biki da suna ba sa gagararmu. Ran yaro bai kai babur ba?

Za a ce likita ba ya jin Hausa, uwar yaro ba ta jin Turanci ko Yarbanci. Wannan gaskiya ne, kuma aikinmu ne. Muna kira ga shugabannin ƙungiya su ware wani kaso na asusu don jinyar irin waɗannan yara, su zaɓi maza da mata masu riƙon sirri da za su riƙa rakiya suna tafinta. Sarakunan Hausawa da limamanmu kuma su faɗa a fili cewa kai yaro Yaba ba tonon asiri ba ne.

Wanda ya ɓoye ciwonsa, ciwo ne zai tona shi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.