Kafin Mu Tsauta wa Masu Gyangyaɗi a Majami'a



Duk wanda ya taɓa tsayawa kan bagade ranar Lahadi da safe ya san abin da muke hangowa daga can. Kafin wa'azi ya kai rabi kawuna sun fara sunkuyawa. Ga wani riƙe da Littafi a buɗe, ido a rufe, sai ka ce addu'a yake yi. Shekara da shekaru maganinmu bai canja ba: a tura masu tsaron ƙofa su bi layi suna taɓa kafaɗa, ko kuwa mai wa'azi ya ɗaga murya ya ce aikin Shaiɗan ne. Mu ma mun yi haka, ba sau ɗaya ba.

Wata mama ce cikin Zumuntar Mata a Samaru ta sa muka sake tunani. Bayan an tashi sujada muka ɗan zolaye ta a bakin ƙofa, muka ce yau wa'azin ya yi mata daɗin barci. Ta yi dariya ta ce, "Baba Fasto, tsaya in ba ka lissafin darena." An kawo wuta ƙarfe 12 da rabi na dare. Ta tashi ta goge kayan Lahadi da na makarantar yara. Maƙwabcinsu mai bohol ya kunna injin, ta fita ta jera jarkoki har wajen ƙarfe 2 da rabi. Ta dawo ta ɗura zoɓon sayarwa ta sa a firij, don in bai yi sanyi ba babu mai saye. Ƙarfe 5 ta tashi ɗora tukunya. Ta kuma tuna mana cewa daren Jumma'a a majami'a ta kwana, wurin addu'ar dare da mu da bakinmu muka yi sanarwarta. Ba mu sami abin cewa ba.

Hausawa sun ce dare mahutar bawa. A Samaru da Sabon Gari bawan ya daɗe bai ga hutun ba. Tela a Sabon Gari da tsakar dare yake yin ɗinkin da bai samu ya yi da rana ba, haka mai walda, haka mai injin niƙa, domin tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu 2023 kunna janareta ya zama sai dole. Muna da 'yan'uwa ma'aikatan jinya da ke tafiya Shika aikin dare, wannan mako dare, mako mai zuwa safe. Muna da masu gadi, da masu gasa burodi, da direbobin da ke lodi a Kwangila tun duhu bai washe ba, da ma'aikatan da kullum suke cin kusan kilomita 80 zuwa Kaduna su kuma dawo. Ɗalibanmu na Jami'ar Ahmadu Bello da zarar jarrabawa ta matso sai su tare a aji har asuba. Ƙara da zafin Maris da Afrilu, lokacin da ɗaki ba ya kwantuwa, waje kuma sauro ya hana. Waɗannan duka ba su zaɓi rashin barci ba. Neman abinci ne da halin gari.

To, gari ya waye, sai kai-komo. A kai yara makaranta, a biya kasuwa cefane, a tsaya layin banki, a je dubiya asibiti, a leƙa gidan makoki. Mutum ya yi niyyar ramuwa da rana, amma wane gida ne cikin gidajen hayarmu ake samun shiru da ƙarfe 2 na rana? In ma ya samu ya kwanta ƙarfe 4 ya tashi magariba, da dare ido ya bushe, gobe kuma a sake daga fari.

A makarantar tauhidi ba a koya mana aikin likita ba, amma akwai abin da ya kamata kowane dattijo ya sani. Jiki yana da agogonsa da ke zagayawa cikin awa 24, kuma haske ne yake saita shi. Masana uku 'yan Amurka, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, sun karɓi kyautar Nobel a 2017 saboda gano yadda wannan agogo yake aiki. Idan duhu ya yi, ƙwaƙwalwa tana sakin wani sinadari mai suna melatonin wanda yake shirya jiki domin barci. Hasken ƙwan lantarki da na talabijin da na waya suna jinkirta fitowarsa. Shi ya sa wanda ya tashi guga ƙarfe 1 yakan koma gado ya yi ta juyi, kuma shi ya sa barcin rana ba ya biyan bashin na dare gaba ɗaya. Likitocin barci a Amurka sun ba da shawara a 2015 cewa babban mutum ya sami aƙalla awa 7 kowane dare. A 2016 suka ce yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana bukatar awa 9 zuwa 12, matashi mai shekara 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. An kuma tabbatar cewa masu yawan rashin barci sun fi fuskantar hawan jini da ciwon suga. Ku duba jerin marasa lafiya da muke karantawa kowace Lahadi, ku ga sau nawa waɗannan cututtuka biyu suke fitowa.

Akwai ɗaya da ya fi tsorata mu. Masu bincike a Ostireliya sun nuna a 1997 cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, saurin idonsa da hannunsa yana raguwa kamar na wanda ya ɗan kurɓi giya. Mu ne muke wa'azi a kan burkutu, mu ne kuma muke sallamar ɗan'uwa daga addu'ar dare ƙarfe 5 na asuba, ya hau keke napep ɗinsa ko motarsa ya ɗebi rayukan mutane. Ya sayi goro, ya sha shayi mai kauri ko irin lemon gwangwanin nan da ake cewa yana sa ƙarfi. Waɗannan suna riƙe ido a buɗe na ɗan lokaci, gajiyar tana nan inda take, kuma abin da ke cikinsu yana daɗewa a jini awoyi da yawa har ya ɓata barcin dare mai zuwa.

Yanzu mu zo kan wanda yake hannunmu, wato talabijin. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mamar da muka ba da labarinta wahala ce ta tashe ta, amma gidaje nawa ne cikinmu da zarar yara sun yi ihun an kawo wuta, ko da ƙarfe 11 ne, abin da ake fara taɓawa shi ne rimot? Waɗanda suka taso a shekarun 1980 sun tuna yadda abin yake. Tashar gwamnati ce kaɗai, da yamma take buɗewa, a ji labaran ƙarfe 9, can wajen tsakar dare a sa taken ƙasa, allo ya koma ruwan toka. Talabijin ɗin da kansa yake korar mutum ya je ya kwanta. A 1992 aka ba masu zaman kansu izinin buɗe tashoshi, a 2001 wayar salula ta shigo, Arewa24 ta fara a 2014, ga tashoshin finafinan Indiya da aka fassara, ga na wa'azi da ba sa rufewa. Da sola da batiri ma yanzu ba sai an jira wuta ba. Babu sauran mai sa mana taken ƙasa.

Ba mu ce kallo zunubi ne ba. Mu ma mun hana idonmu barci a 1996, daren da Najeriya ta ci Brazil 4 da 3 a gasar Olamfik ta Atlanta, kuma ba mu yi nadama ba. Sai dai dare ɗaya ne, har yau muna ba da labarinsa. Matasanmu kuwa Talata da Laraba suna gidan kallon ƙwallo, wasan Turai yana farawa ƙarfe 8 ko 9, kafin a gama, a yi musu a kan alƙalin wasa, a tako zuwa Hayin Dogo ko Muchia, dare ya raba. Iyaye mata kuma wasan kwaikwayo mai dogon zango, wanda da gangan ake yanke kowane kashi a daidai inda zuciya ba za ta yarda a kashe ba. Abin da ya fi damunmu shi ne yara. Yawancinmu ɗaki da falo muke, wasu ɗaki ɗaya. In baba yana kallo, ɗan aji uku da ke kwance a tabarma shi ma yana kallo, ko da ya rufe ido. Da safe malami ya rubuta cewa yaron ba ya mai da hankali, mu kuma mu ɗauko bulala.

Laifi tudu ne, in ji masu magana, ka taka naka ka hango na wani. Don haka bari mu dubi jadawalin ikkilisiya. Koyon waƙa, taron matasa, addu'ar tsakiyar mako, Zumuntar Mata, taron kwamiti, sa'an nan addu'ar dare. A ce ƙarfe 5 za a fara, sai 6 da rabi a fara, a tashi ƙarfe 9. Kuma kusan mutanen nan ne dai suke zuwa duka. Mai aminci shi ne ya fi shan wahala, ranar Lahadi kuma shi ne muke taɓa wa kafaɗa.

Mun san wasu dattawa za su ce Ubangiji da kansa ya kwana yana addu'a a kan dutse, Bulus da Sila kuma da tsakar dare suka yi waƙa a kurkukun Filibi. Gaskiya ne, ba kuwa muna neman a kashe addu'ar dare ba. Akwai lokacin da damuwa take kai jama'a ga kwana a gaban Allah, mun ga irin waɗannan kwanaki a wannan jiha. Amma Ubangijin nan ne ya yi barci a cikin jirgi ana hadiri. Sa'ad da Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa, a 1 Sarakuna sura 19, barci da abinci aka fara ba shi kafin a yi masa magana. A Taruwasa kuma, Ayyukan Manzanni sura 20, Bulus ya ja jawabi har tsakar dare, saurayi Aftikos ya yi gyangyaɗi a taga ya faɗo daga hawa na uku. Bulus sauka ya yi ya rungume shi. Ba mu karanta inda ya tsauta masa ba. Bulus ma washegari zai yi tafiya, shi ya sa ya ja magana. Mu da za mu sake haɗuwa jibi, mene ne hujjarmu?

Akwai dalilin da ya sa addu'armu take kaiwa asuba wanda ba ma faɗa a sanarwa: ba wanda yake so a saki mata da 'yan mata su kama hanya ƙarfe 1 na dare. Wannan hankali ne. Amma ma'anarsa ita ce duk ranar da muka kira addu'ar dare, mun ci daren mutum dungum, da yinin da ke biye. Abu mai tsada haka ba a yin sa kowace Jumma'a. Ga kuma lasifika. A unguwanninmu katanga ɗaya ce tsakaninmu da maƙwabta, da yawansu Musulmi masu tashi sallar asuba, wasu da jarirai, wasu da marasa lafiya. Allah yana ji ko ba a ɗaura lasifika a kan rufi ba, kuma zaman lafiyar da muke roƙo yana da alaƙa da ko maƙwabci ya sami barci.

Ga abin da muke roƙon dattawa su duba a zamansu na gaba. Addu'ar dare ta koma sau ɗaya cikin wata uku, ban da ta shiga sabuwar shekara, a kuma gaya wa direbobi da masu aikin safe a fili cewa in sun zauna a gida ba su yi laifi ba. Tarurrukan mako su fara a kan lokaci, a tashi kafin ƙarfe 7 da rabi. Inda masu aikin dare suke da yawa a yi musu gajeriyar sujada da yammacin Lahadi, maimakon su taho daga Shika da kayan aiki a jiki su zauna awa uku. A gida kuwa, maigida da uwargida su yanka lokacin kashe talabijin, mu ƙarfe 10 muke gani a ranakun makaranta, kuma dokar ta hau kan baba kafin ta hau kan yara. Waya ma ta kwana nesa da matashin kai.

A namu ɓangaren mun riga mun gaya wa masu tsaron ƙofa su bar mai gyangyaɗi ya yi abinsa, sai dai bayan sujada wani dattijo ya tambaye shi yadda darensa yake. Mun kuma rage wa'azinmu zuwa minti 35, abin da ya fi mana wuya fiye da yadda muka zata. Mamar nan kuwa, matasa biyu na layinsu sun ɗauki nauyin jera mata jarkoki a daren Asabar. Guga da zoɓo dai har yanzu sai an kawo wuta.