Tsohuwar Landiroba Ba Gwangwan Ba Ce

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Shagari ya san Sifawa, inda Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. Wannan tarihi mun riƙe shi, har haddarsa muke yi don jarrabawa. Amma akwai wani tarihin da ya bi ta wannan hanya bisa taya huɗu, wanda ba mai kula da shi yau sai 'yan gwangwan. Ina nufin tsofaffin motocin aiki, watau Landiroba da Bedford da Fijo a-kori-kura.

A 1948 aka fito da Landiroba ta farko a Ingila. Ƙarfe ya yi wuya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai maƙeranta suka yi jikinta da alminiyon, shi ya sa jikin ba ya tsatsa. To, abin da ya ja mata tsawon rai shi ne ajalinta a wurinmu, domin alminiyon ɗin nan masu zubin tukwane ke nema. Motar da ta kai Di'o rangadi, ta kai malaman dabbobi rugage lokacin gangamin rigakafin bushiya da aka soma a 1962, ta ɗauko mai naƙuda da damina sa'ad da hanya ta yanke, sai a ɗora ta a sikeli a saye ta kilo-kilo. Fijo kuwa tamu ce ma, tun da a Kaduna aka riƙa haɗa ta daga 1975. A Turai irin waɗannan motoci ƙungiyoyi gare su; a nemo wadda ta mutu, a tayar da ita, a kai ta baje koli.

Na san za a ce wannan wasan masu hannu da shuni ne, mai neman na tuwo ina ruwansa da mushen mota? Gaskiya ne, kuma ba na kiran attajirai su cika garejinsu. Ajiyar jama'a nake nufi. Gidan tarihi na Waziri Junaidu da ke Sakkwato yana adana littattafai da kayan kakanni; mota ɗaya ko biyu ba za su cushe shi ba, in aka haɗa da labarin inda suka yi aiki daga bakin waɗanda suka tuƙa su.

'Yan'uwana ɗalibai, gaggawar tana ga mutanen ne. Tsofaffin direbobin En'e, da makanikan da ke gyaran kafireta da kunne, ƙarewa suke yi. Ƙungiyarmu tana iya sayen Landiroba ɗaya kafin mai sikeli ya riga mu, ɗaliban injiniya su tayar da ita tare da wani tsohon makaniki, na sashen tarihi kuma su ɗauki rakoda su nufi tashar Boɗinga a hutun nan mai zuwa.