ZANCEN ZANGO: Katin Asibiti da Aljihun Talaka

Zancenmu na wannan wata a kan katin inshorar lafiya ne, wato NHIS, wanda da wuya ka shiga gida a zango ba ka same shi a ƙasan akwati ba, ko yana aiki ko wa'adinsa ya daɗe da ƙarewa.

Dattawanmu ba su manta da zamanin "kash-an-kari" ba. Tun 1985 gwamnatin Rawlings ta ɗora kuɗi a kan jinya a asibitocin gwamnati, daga 1992 kuwa abin ya tsananta, sai ka biya kafin a miƙo maka ko ƙwayar magani ɗaya. Mace tana naƙuda, miji yana zagaya Nima da Mamobi neman rance. A 2003, zamanin Kufuor, aka yi dokar inshorar lafiya, a 2008 kuma aka ɗauke wa masu juna biyu kuɗin awo da na haihuwa. Yara 'yan ƙasa da shekara 18 da tsofaffi masu shekara 70 zuwa sama su ma an yafe musu kuɗin inshorar. Wannan alheri ne, kuma wanda ya ga wancan zamani ba zai raina shi ba.

To amma kati ya daidaita talaka da mai hali? Mu duba inda kuɗin ke fitowa. Mafi yawansa daga harajin kashi 2.5 cikin ɗari ne da aka ɗora wa kayan saye, saboda haka yarinyar da ke dakon kaya a kasuwar Makola tana zuba nata kamar yadda mai gida a East Legon yake zubawa. Ranar ciwo ce hanyarsu take rabuwa. Shi ya nufi asibitin kuɗi a motarsa. Ita kuwa ta kama layi tun asuba, likita ya duba ta, a rubuta mata takarda a ce maganin ya ƙare, ta je ta saya a waje. Laifin ba na ma'aikatan jinya ba ne kacokan. Shekara da shekaru asibitoci suna kuka cewa hukumar inshora tana yin watanni ba ta biya su ba, ga kuma wata doka ta 2017 da ta ƙayyade abin da ke shiga asusun daga harajin nan, sai a 2025 aka janye ƙayyadewar. Asibitin da ke bin bashi kuwa aljihun majinyaci yake waiwaya.

Wannan fa a Akra ke nan, inda likitoci suka fi yawa. Ko a nan ɗin, a 2018 wani dattijo mai shekara 70 ya cika a cikin mota bayan asibitoci bakwai sun ce ba su da gado. Ina ga mutumin Bawku ko na Wa da babban ciwo ya kama, aka tura shi Tamale ko Kumasi? Kati ba ya biyan kuɗin mota, ba ya biyan abincin mai jinya, ba ya noma gonar da aka baro. Mu mutanen zango mun fi kowa sanin wannan, don a zaurukanmu suke sauka, mu ne kuma ake bi da faranti bayan sallar Magariba.

Saura namu laifin. Da yawanmu ba ma tuna kati sai zazzaɓi ya kayar da yaro cikin dare, a je a tarar wa'adinsa ya wuce, a koma biyan kuɗi hannu kamar da can. Alhali tun ƙarshen 2018 ana sabunta shi ta wayar hannu, a danna *929# a biya da kuɗin waya, ba layi ba ofis. Tsohuwar da ba ta karatu ba za ta iya ba, amma jikanta da ke manne da waya dare da rana ai zai iya. Ina roƙon sarakunan zango da limamanmu su ware Juma'a ɗaya a kowane wata, bayan an sauko daga masallaci, matasa su zauna a ƙofa da wayoyinsu, kowa ya fito da katinsa a duba masa. Mata kuma a bi su gida-gida, a fara da zawarawa da masu riƙon marayu.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.